Yadda Ake Wanke Dandamalin Katako da Injin Feshi: Sanda ko Faifai?

A ƙasashe irin su Amurka, Kanada, Ingila da Ostareliya, gidaje da yawa suna da dandamalin katako a bayan gida, inda iyali ke zama su sha iska ko su gasa nama. Da yake katakon yana waje shekara da shekaru, rana da ruwan sama da ƙanƙara suna dukansa, sai launinsa ya koma ruwan toka, gansakuka da fumfuna su kama shi har ya riƙa santsi. Idan sanyi ya wuce, masu gida kan ɗauko injin feshi, irin wanda muka saba gani a wuraren wankin mota, domin su dawo da shi hayyacinsa. A nan ne ake rasa abin da za a ɗaura a bakin tiyo: sandar feshi da ake riƙewa a hannu, ko kuwa faifan wanki da ake turawa a ƙasa?

Faifan wanki wani murfi ne zagayayye, faɗinsa yakan kai inci 12 zuwa 20, a ƙarƙashinsa akwai ƙarfe mai bakin feshi biyu da ƙarfin ruwa ke juya shi da gudu. A kan siminti ko dutse babu kamarsa, domin yana wanke fili mai faɗi cikin ƙanƙanin lokaci, kuma ruwa ba ya fantsama a jikin mai aiki ko a bango. Amma don daɓe mai tauri aka ƙera shi, katako kuwa halinsa daban ne.

Dalilin yana cikin yadda itace ke girma. A ƙasashen sanyi, kowace shekara bishiya tana yin zobe mai sassa biyu, wato sashe mai taushi da ta yi a farkon lokacin tsiro, da sashe mai tauri da ta yi a ƙarshensa. Idan ruwa mai ƙarfi ya bugi katako, sashen mai taushi yake fara cinyewa ya bar mai taurin a tsaye, sai katakon ya yi kwari da tudu, zaruruwansa su tashi su zama sartse da ke shiga ƙafar yara. Hasken rana kuma ya riga ya raunana sinadarin da ke riƙe da zaruruwan saman katakon, don haka ba sai an sa ƙarfi mai yawa ba kafin su saki. To, bakunan faifai suna kusa ƙwarai da katako, kuma da yake juyawa suke yi, dole su yanka jijiyar katakon, wato layin da zaruruwansa ke bi, a gicciye sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Abin da ke biyo baya shi ne zane-zanen da'ira waɗanda ba a cika ganinsu ba yayin da katakon yake jiƙe, sai ya bushe, musamman bayan an shafa masa mai ko launi, su fito ƙarara. Babban aibin faifan a ganina shi ne murfinsa yana ɓoye wa mai aiki abin da ke faruwa, ba zai san ya yi ɓarna ba sai ya wuce wurin.

Saboda haka shawarata ita ce a yi amfani da sanda a kan katako, kuma a bar wa maganin wanki mafi yawan aikin, injin ya zama na ɗauraya kawai.

Kafin a kunna inji, a kwashe kujeru da tukwanen fure, a share wurin, a ƙwaƙule ganye da ƙasar da suka maƙale tsakanin katakai, domin nan ne ruɓewa ke farawa. Duk ƙusar da ta ɗago a mayar da ita, duk katakon da ya ruɓe a canza shi. A jiƙa shuke-shuken da ke gefe da ruwa zalla domin kada magani ya ƙone su, sannan a rufe soket ɗin lantarki na waje.

Maganin da ya fi dacewa shi ne garin sodiyam pakabonet, wanda ake kira bilic mai oksijin. Ana narka shi a ruwan ɗumi gwargwadon yadda aka rubuta a jikin mazubinsa, a fesa ko a shafa a kan katakon da aka riga aka jiƙa, a bar shi minti 10 zuwa 15 ba tare da an bari ya bushe ba, sannan a goge da buroshi mai tauri ana bin tsawon katakon. Shi ya sa aka fi son yin aikin da safe ko ranar da ake da gajimare. Bilic na wankin tufafi yana kashe fumfuna, amma idan ya yi ƙarfi yana koɗe katako ya kuma raunana zaruruwansa, kuma haɗa shi da asid ko amoniya yana fitar da iska mai guba, don haka kada a kusanta su ko kaɗan.

Sai batun ƙarfin ruwa, wanda a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ana auna ƙarfin matsin ruwa da ma'aunin da ake kira PSI: injinan lantarki na gida sukan ba da PSI 1,300 zuwa 2,000, masu amfani da fetur kuwa sukan kai 3,000 ko fiye. Katako mai taushi, irin na itatuwan sida da fayin da aka fi yin dandamali da su a Arewacin Amurka, PSI 500 zuwa 600 ya ishe shi, mai tauri ma bai kamata a wuce 1,200 zuwa 1,500 a kansa ba. Ke nan kusan kowane inji ya fi ƙarfin aikin, sai an rage. Bakunan feshi suna da launi da ke nuna faɗin ruwan: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na fesa sabulu ne. Fari ne na katako, kore kuma sai a wurin da datti ya yi taurin kai, shi ma daga nesa. Ja yana iya huda katako nan take, haka ma bakin nan mai juyawa da ake sayarwa domin kankare siminti, duka biyun a ajiye su a gefe. Hanya mafi inganci ta rage ƙarfi ita ce a sa baki mai faɗin rami, domin ƙarfin zai sauka amma yawan ruwan da ke ɗauraye dattin ba zai ragu ba.

A fara gwaji a lungun da ido bai cika kaiwa ba. A matsa kunamar sandar alhali bakinta yana nesa da katako kamar santimita 60, sannan a sauko a hankali har zuwa santimita 20 zuwa 30, a tsaya a daidai inda datti ke fita amma zare bai tashi ba. Daga nan a riƙa bin jijiyar katakon kamar yadda kafinta ke bi idan yana fere shi, katako ɗaya ko biyu a lokaci guda, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da tafiya iri ɗaya da nisa iri ɗaya. Wurin da aka tsaya ko aka fara feshi a tsakiyar katako yakan bar tabo mai kama da layi, don haka idan dole a dakata, a ɗaga sandar sama tana tafiya kafin a saki kunamar. Mutum ya taka da ƙafarsa yana bin sandar, kada ya tsaya wuri ɗaya yana lilo da hannu, domin lilo yana sa tsakiya ta fi gefe shan ƙarfi. A soma da makaran gefe da ginshiƙai, sannan daɓen, daga jikin gida zuwa waje, matakala ta zo a ƙarshe. Waɗannan wurare ma faifai ba ya iya shiga cikinsu, ko da an yi amfani da shi sai an koma ga sanda.

Duk da haka akwai inda faifai ke da hujja. Idan dandamalin yana da faɗi ƙwarai, katakonsa mai tauri ne kuma shimfiɗe daidai ba tare da ƙusoshi a waje ba, ana iya sa wa faifan bakuna masu faɗin rami domin ƙarfin ya sauka, ko a nemi irin wanda ake iya daidaita ƙarfinsa, kamar waɗanda kamfanin Kärcher na Jamus ke yi. Ko a hakan, sai an gwada a lungu an jira ya bushe an duba, kuma kada a bar shi tsaye wuri ɗaya yana juyawa. A kan tsohon katako mai taushi kuwa, lokacin da aka rage wajen wanki za a biya shi ninki wajen goge zanen da samfefa.

Kada a raina haɗarin injin. Ruwansa yana iya yanka fata ya tura datti cikin nama, kuma irin wannan rauni, ko da ya yi kama da ƙaramin huji, na asibiti ne nan take. A sa takalmi rufaffe da tabarau na kariya, kada a hau tsani da sanda a hannu, injin fetur kuma ya zauna a sarari nesa da taga saboda hayaƙinsa.

Bayan ɗauraya, ana shafa ruwan asid ɗin oksalik domin ya kashe kaifin maganin farko ya dawo da hasken katakon, sannan a sake ɗaurayewa. A bar shi ya bushe aƙalla awa 48 ba tare da ruwan sama ba, wanda yake da na'urar auna danshi kuma ya jira ta nuna ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Idan zare ya ɗan tashi, samfefa mai lamba 60 zuwa 80 za ta kwantar da shi. Sai dai a Amurka, dandamalin da aka gina kafin 2004 yana iya zama na katakon da aka tsuma da magani mai ɗauke da gubar arsenik, wanda aka daina sa wa katakon gidaje a ƙarshen 2003, kuma shaƙar ƙurarsa na da haɗari, don haka a tabbatar da irin katakon kafin a goge. Da zarar ya bushe a shafa masa man kariya ba tare da jinkiri ba, domin katakon da aka wanke ya fi wanda ba a taɓa ba saurin shan ruwa.