Yadda ake ciyar da mai tsohon ciwon hanta kuma a kula da sugansa

A ƙauyukanmu, da an ji mutum yana da suga sai a hana shi tuwo, a hana shi nama, a bar shi da ruwan koko. Ga wanda hantarsa ta yi tabo ta ƙeƙashe, wannan horon ƙara kwantar da shi yake yi. Hanta ce rumbun da jiki ke ajiye suga. Idan rumbun ya lalace, da ɗan jinkirin abinci sai jiki ya koma cin tsokarsa, shi ya sa za ka ga damtse ya tsotse, ciki kuwa ya kumbura.

Da farko a raba abincin kashi-kashi, kada ya wuce awa 3 zuwa 4 da rana bai sa wani abu a baki ba.

Na biyu, wanda aka fi sakaci da shi: dare. Mun saba a ci tuwo bayan magariba, ba a sake komai ba sai hantsi. Wannan ratar ta yi masa yawa. Kafin ya kwanta a dama masa 'yar fura da kindirmo ba sukari, ko a ba shi alala. Da an idar da sallar asuba kuma a ba shi karin kumallo, kada ya jira na gida.

Sai abinci mai gina jiki. Likitoci na so ya samu giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 50 na bukatar giram 60 zuwa 75 kullum. Ƙwai ɗaya na da furotin kusan giram 6, to a haɗa da wake, awara, nono da kifi. Gyada da masarar da suka yi fumfuna a zubar, gubarsu hanta take nufa.

Idan ruwa ya taru a ciki, gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali guda. Uwargida ta ɗebe masa miyarsa tun kafin ta jefa dunƙule, kanwa ma a rage.

Awon suga kuwa, na safe kan iya fitowa lafiya lau alhali bayan cin abinci yana hawa, don haka a riƙa aunawa awa 2 bayan ya ci. In ya sauka ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awo, ko aka ga gumi da karkarwa, a ba shi dabino ko ruwan sukari muddin yana iya haɗiya. Kada a sayo masa ƙwayar suga a kemis, wasu na faɗar da sugan mai ciwon hanta warwas, shi ya sa likita kan mayar da shi kan allurar insulin. Jiƙe-jiƙe ma a ajiye, azumi kuma sai da yardar likita.

Aman jini, baƙin bayan gida, ko ruɗewa da yawan barci ba na jira ba ne. A nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.