Me ya sa kek ɗinki yake ƙin tashi?

Na daɗe ina ɗora wa obin ɗina laifi. Duk lokacin da na ciro kek na ga ya yi tauri, ko tsakiyarsa ta lotsa, sai in ce ai da ina da babban obin da injin buga kwaɓi, da ba haka ba. Ranar da na sayi ƙaramin sikeli na auna fulawar da nake ɗiba da kofi, ranar na gane inda gizo ke saƙa. Kofi ɗaya na fulawa gram 120 zuwa 125 ne. Nawa ya haura 150, domin luma kofin nake yi cikin fulawar in danna ta da hannu. A kek mai kofi uku, ƙarin da nake zubawa ba tare da na sani ba ya fi rabin kofi. Ta yaya zai yi laushi? Idan ba ki da sikeli, ki tankaɗe fulawar, ki riƙa zuba ta a kofin da cokali, sannan ki share saman da bayan wuƙa. Amma ni dai shawarata, ki fara sayen sikeli kafin kowane inji.

Bota da ƙwai kuma, kada ki ɗauko su daga firji kai tsaye. Botar da ta dace ita ce wadda in kin danna ta da yatsa za ta lotsa, amma ba ta narke ta yi ƙyalli ba. A haka ne take kama iska idan ana buga ta da sukari, har ta yi haske ta kumbura. Iskar nan tana taimaka wa kek sosai wajen tashi. Ƙwai mai sanyi yana sa kwaɓin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti 10, ki riƙa fasa shi ɗaya bayan ɗaya.

Da zarar fulawa ta shiga, bugu ya ƙare. Nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin da suka sha wahala a kai. Yawan juyawa yana tayar da danƙon fulawa, wanda burodi ke buƙata amma kek ba ya so. Ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, kina daina ganin farin gari ki ajiye cokalin.

Bekin hoda da bekin soda ba abu ɗaya ba ne. Soda tana buƙatar abu mai tsami a cikin kwaɓin, kamar yogot ko ruwan lemon tsami, kuma ta ninka hodar ƙarfi kusan sau uku. In ta yi yawa, kek zai yi ɗanɗanon sabulu. Hodar ma tana mutuwa idan ta daɗe a buɗe. Ki zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi: in bai yi kumfa nan take ba, ki zubar da ita. Kuma ƙara ta fiye da ƙima ba ya ƙara tashi, kek ɗin kumbura zai yi da sauri ya sake faɗawa.

Sai maganar wuta, wadda na fi jin takaicinta, don ita ce ke lalata kwaɓin da ba shi da aibu ko kaɗan. Lambar da ke jikin makunnin obin ba kullum take faɗin gaskiya ba. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayewa a ciki shi zai nuna miki ainihin abin da ke faruwa. Yawancin kek digiri 180 yake so, in obin ɗin mai fanka ne a rage 20. Ki kunna shi minti 15 kafin kwaɓi ya shiga. Idan sama ya tsage ya yi tozo alhali ciki ɗanye ne, wuta ta yi yawa. Na san yadda zuciya ke ƙaiƙayi a leƙa, amma ki bar ƙofar a rufe a minti 20 na farko, domin iska mai sanyi tana shiga kafin kek ya kama jikinsa, sai tsakiya ta zauna.

Gwangwanin gashi ma yana da nasa. Kada kwaɓi ya wuce kashi biyu cikin uku na zurfinsa. Mai faɗin santimita 23 ya fi mai 20 ɗaukar kwaɓi da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa in kin zuba kwaɓin mai 20 a mai 23 kek yake fitowa falan-falan ya bushe. Baƙin gwangwani kuma ya fi saurin ƙona gindi.

In kin soka tsinke a tsakiya ya fito ba ɗanyen kwaɓi, ki sauke. Ki bar shi minti 10 a gwangwanin kafin ki kife shi a kan raga, don da zafinsa farfashewa yake yi, in kuma ya daɗe a ciki gindinsa ya yi gumi.