Matakan Ceto Furen Okid Na Daji Daga Filin Da Za A Gina

Yayin da gine-gine ke ƙara cinye gonaki a gefen birnin Kano, wajen Kumbotso da Ungogo, ana iya ceto furannin okid masu saiwa kamar dankali kafin katafila ta iso.

Da farko, a nemi izinin mai filin. Tun da damina, lokacin da ganyen yake kore, sai a kafa turke kusa da kowane tushe, domin idan rani ya shigo ganyen bushewa yake yi, a rasa gurbinsa.

Bayan ɗaukewar ruwa, a haƙa da sungumi, a bar tazarar taki guda kewaye da tushen, a ɗago shi tare da ƙasarsa. Nan ne masu dashe kan yi kuskure: kada a kakkaɓe ƙasar, balle a wanke ta, saboda akwai wata irin funfuna a cikinta wadda jijiyoyin ke dogaro da ita wajen samun abinci.

A naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, a dasa shi a ranar, a inuwar da ta yi kama da ta wurinsa na asali, zurfin kuma daidai da na da. Ba a sa takin zamani. Ruwa kaɗan ya wadatar har damina ta faɗi.