Yadda Ake Sauraron Rediyo a Mota Mai Maɓallin Tayarwa Ba Tare da An Tayar da Inji Ba

Wanda ya saba da motar makulli, hannunsa ya riga ya haddace abin yi. Ya zura makulli, ya murɗa sau ɗaya, rediyo ya kama, inji kuwa yana barcinsa. To amma ranar da ya shiga motar da babu ramin makulli, sai maɓalli guda zagayayye a gefen sitiyari, nan ake samun cikas. Yana dannawa sai mota ta tashi, ya sake dannawa sai komai ya ɗauke. Sau da yawa na ga direba ya yi fakin yana jiran wani, ya shafe rabin awa inji na ta aiki yana shan mai, ba don komai ba sai don kada shirin da yake saurare ya yanke. Abin yana damuna, domin asara ce da ba ta da dalili. Matakan nan huɗu da ke jikin tsohon makulli, wato LOCK (a kashe) da ACC (wutar rediyo da ƙananan na'urori kawai) da ON (cikakkiyar wuta) da START (tayar da inji), ba su je ko'ina ba. Suna nan cikin maɓallin, ƙafarka da yawan dannawarka ne suke zaɓar wanda za ka samu.

Mataki na farko: sauke ƙafa daga birki

Motar ba ta san nufinka ba, ƙafarka take dubawa. Idan ka danna maɓallin alhali kana take da birki, ta ɗauka tafiya za ka yi, sai ta tayar da inji. Idan ƙafarka tana ƙasa, ta ɗauka wuta kawai kake so. A mota mai giyar hannu, kuloci ne yake wannan aikin maimakon birki.

Saboda haka ka zauna, ka tabbatar rimot ɗin motar yana ciki tare da kai, a aljihu ko a kan kujera. Giya ta kasance a kan P, ka ja birkin hannu. Sannan ka ajiye ƙafafunka biyu a ƙasa. Na nanata wannan ne domin ƙafar direba takan tafi birki da kanta ba tare da ya sani ba, sabo ne na shekaru. Kafin ka kai yatsa, leƙa ƙasa ka gani da idonka.

Mataki na biyu: danna sau ɗaya, ka tsaya

Dannawa ɗaya, gajeriya, ba tare da ka riƙe ba. A yawancin motocin Toyota da Honda da Nissan da Hyundai da Kia, wannan ce take kai ka ACC. Allon rediyo zai haskaka, wurin cajin waya zai samu wuta, a wasu motocin kuma za ka ji ɗan ƙara daga sitiyari yana sakin kullensa. Wata motar takan rubuta ACC ko ACCESSORY a gaban direba, wata kuma ƙaramar fitila ce take kamawa a jikin maɓallin. Kunna rediyonka, ka gama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara dannawa ta biyu. Ita ce take kai ka ON, kuma ba za ka kasa gane ta ba: fitilun gargaɗi na gaban direba duk za su kama lokaci guda, alamar batir da ta man inji da sauransu, fanka ta fara hurawa, wani lokaci ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani daga baya. A nan motar ta farkar da kwamfutarta da dukkan na'urorinta tana jiran a tayar da ita. Rediyo zai yi aiki, gilashi zai sauka ya hau, amma wutar da ake ja ta ninka ta ACC nesa ba kusa ba. Idan gilashi kake so ka sauke, shiga ON ka sauke shi, ka danna ta uku komai ya mutu, sannan ka sake danna ɗaya ka dawo ACC.

Ba duk motoci ne suke bin wannan jerin ba. Da yawa daga cikin motocin Volkswagen da Ford ba su da ACC a ware, danna ɗaya ON take kai ka kai tsaye. A irinsu ba ka ma bukatar maɓallin tayarwa: ka bar motar a kashe, ka danna maɓallin kunna rediyon kansa, zai kama ya yi aiki na wani lokaci kafin ya kashe kansa. A Chevrolet da 'yan uwanta na kamfanin GM kuwa, bayan ka kashe inji rediyo yakan ci gaba har minti 10, ko kuma har ka buɗe ƙofar direba. Littafin da ya zo da motarka shi ne alƙali a nan, shafi ɗaya ne ko biyu a babin tayar da inji.

Idan inji yana aiki, kuma ba ka so shirin ya yanke

Ka iso inda za ka, ana tsakiyar labarai, ko waya tana haɗe da mota kana magana. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kashe, ka sauke ƙafa daga birki, ka danna sau ɗaya. Sai dai allon zai ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya dawo, Bluetooth kuma sai ya sake laluben wayarka.

A motocin Toyota da Honda masu sandar giya akwai wata hanya. Motar tana tsaye cak, ƙafarka a kan birki, ka ja birkin hannu, ka mayar da giya N, wato firi, sannan ka danna maɓallin. Inji zai mutu, amma tunda giyar ba ta kan P motar ba za ta kashe wuta gaba ɗaya ba, sai ta sauka ACC, rediyo bai ko yi tari ba. Nan take ka tura giyar zuwa P kafin ka ɗaga ƙafa. Kada ka yi sakaci da wannan na ƙarshe ko da ƙasar a shimfiɗe take, domin motar da ke N da mataccen inji tana iya gangarawa, kuma birkin ƙafa yakan yi tauri bayan an taka shi sau biyu ko uku ba inji.

Me ya sa take kashe kanta?

Kana cikin saurare sai ka ji shiru, allo ya yi baƙi. Ba lalacewa ba ce, motar ce take kare batirinta. A Toyota da yawa ACC yakan mutu bayan minti 20, a Honda tsakanin minti 30 zuwa 60, a Hyundai bayan awa ɗaya. Ka sake dannawa ya dawo. Amma ni ina ɗaukar wannan ɗaukewar a matsayin tambaya ce motar take yi mini: tun yaushe kake zaune? Idan ta kashe kanta sau biyu a zama ɗaya, ba na ƙara na uku sai na tayar da inji.

Batir shi ne mai biyan kuɗin zaman

Muddin inji yana juyawa, altaneta ce take ciyar da komai, tana kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. Da inji ya tsaya, ɗiba ake yi ba zubawa. Batirin ƙaramar mota na bolt 12 ne, ƙarfin ajiyarsa kuma yawanci tsakanin 45 zuwa 70 ne a ma'aunin Ah da ake rubutawa a jikinsa, wato yawan amfiyar da ake ja sau yawan awanni. Mu ɗauki mai 60, mu ƙaddara rediyo da allonsa suna jan amfiya 5. Awa biyu sun cinye 10, kashi ɗaya cikin shida ke nan, lafiyayyen batir zai ɗauka. Yanzu ka manta da fitilun gaba a kunne, irin na ƙwan halojin mai wat 55 kowanne: su kaɗai sun haura amfiya 9. Ƙara fanka a kai, ƙara kwamfutar da ON ya farkar. Zaman da ya kamata ya wuce lafiya sai ya ƙare da neman wanda zai ara maka wuta.

Waccan lambar 60 ɗin ma ta sabon batir ce. Wanda ya shekara uku ko huɗu yana aiki ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Kuma batirin tayar da mota an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba don a riƙa tsotse shi a hankali har ƙasa ba. Duk lokacin da ya mutu murus, wani abu ya ragu daga rayuwarsa wanda caji ba zai dawo da shi ba. Idan kana da mitar awon wuta, auna shi bayan motar ta huta: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ba na zaman rediyo ba ne.

Don haka kafin ka kishingiɗa, kashe fitilun waje da na ciki, kashe fanka, cire abin da ba ka bukata daga wurin caji, ka rage murya. Wanda ya ƙara wa motarsa amfilifaya da manyan lasifikoki, lissafinsa daban ne, ya taƙaita zaman ƙwarai. Kuma kada a ɗauka minti biyar na inji a tsaye zai biya bashin awa biyu. Tafiya ta rabin awa ko fiye ita ce take mayar da abin kirki. Idan za ka tayar don caji, kada ya kasance cikin rufaffen gareji, hayaƙin mota yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Masu motar haibirid, wato mai haɗa inji da babban batirin lantarki, su ƙara kula, domin batirinsu na bolt 12 yakan fi na sauran ƙanƙanta. Gare su dogon zama ya fi kyau a yanayin READY, wato motar a tashe, a fili, giya a kan P. Babban batirin zai riƙa ciyar da ƙaramin, inji kuma ya tashi da kansa idan bukata ta taso.

Mataki na ƙarshe: kashewa

Daga ACC, yawancin motoci sai ka danna sau biyu, ƙafa a ƙasa: ta farko ta wuce da kai ON, ta biyu ta kashe. Kada ka dogara da shirun rediyo, wataƙila muryar kawai ka rage. Dubi allo da gaban direba ka ga sun yi duhu. Idan ka buɗe ƙofa ka ji motar tana ta ƙara ba ƙaƙƙautawa, ko ka fita ka danna rimot ƙofofi suka ƙi kulluwa, to akwai sauran wuta a kunne. Koma ciki ka sake dannawa.