Yadda Ake Tura Mai Kira ta Modem Kai Tsaye Zuwa Wata Kwamfuta

A ce sabarku, wato babbar kwamfutar da ake son shiga, tana unguwar Kongo a Zariya, layin waya da modem kuma suna ofishin Samaru. Abin da ake so, duk wanda ya kira ya zarce sabar ba tare da ya taɓa kwamfutar da ta amsa ba. A Linux, manhajar amsa kiran modem mai suna mgetty na Gert Doering ne ke wannan aiki.

Ka tanadi modem na waje, kebul ɗin RS-232 mai cikakkun wayoyi, da layi na ƙasa ko reshen PABX, wato na'urar rarraba layukan waya ta ofis. Kebul mai waya uku ba zai yi ba, don babu DCD (wayar da ke nuna akwai kira a layi) da DTR (wadda kwamfuta ke katse kira da ita) a cikinsa.

Girka mgetty, ka kashe serial-getty@ttyS0 kada su yi rububin ƙofa ɗaya. A /etc/mgetty/mgetty.config rubuta port ttyS0, speed 115200, data-only y. Bar modem a ATS0=0, mgetty ne zai amsa da kansa. Systemd, mai tayar da manhajoji a Linux, ya riƙa tayar da mgetty da Restart=always, tunda bayan kowane kira fita yake yi.

Sai ka buɗe asusu marar iko mai suna gada, ka sa wannan layi a login.config a madadin na /bin/login:

`* gada @ /usr/local/bin/tura @`

Alamar @ tana ɗauke da sunan da mai kira ya buga. Dole login.config ya zama na root, wato asusu mai cikakken iko, da izini 600, in ba haka ba mgetty zai yi biris da shi. A cikin tura, fayil ɗin umarni da za ka rubuta da kanka, bayan #!/bin/sh, saka export TERM=vt100, sannan wannan layi na ssh, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, inda 10.0.0.5 ke matsayin adireshin sabar:

`exec ssh -e none -l "$1" 10.0.0.5`

A nan ake yawan yin sakaci. Exec yana sa ssh ya maye gurbin tura gaba ɗaya, don haka da zarar ssh ya ƙare babu abin da zai rage, sai layi ya katse. Shi kuwa -e none yana toshe harafin tserewa, wato harafin da ke ba mai kira damar ba ssh ɗin kansa umarni. Masu amfani da telnet a maimakon ssh su sa -E, domin in babu shi, mai kira zai danna Ctrl-] ya buga ! ya tsinci kansa cikin kwamfutar Samaru, kuma in an sa - a gurbin gada a login.config, a matsayin root zai shiga. Ɗauko makullin sabar da ssh-keyscan ka zuba a /etc/ssh/ssh_known_hosts, kada a riƙa tambayar mai kira ko ya yarda.

Gwaji mafi muhimmanci: shiga, ka zare wayar ana tsakiyar aiki, ka sake kira. In ka tarar da zaman farko a buɗe, modem yana kan saitin &C0, wato DCD ba ya sauka. Mayar da shi &C1, in ba so kake mai kira na gaba ya gaji zaman wani ba.

Tsakanin modem biyu gudu ba ya wuce 33.6k, kan VoIP, wato waya ta intanet, kuma sai da tsarin murya na G.711. Haɗa modem da kwamfuta kan UPS ɗaya saboda ɗauke wuta, kuma kafin damina ka sa abin kare tsawa a layin wayar, don ta nan take bi ta ƙone modem.