Yadda Ake Zaɓar Hanya da Hawan Dutsen Kilimanjaro

Dutsen Kilimanjaro yana arewa maso gabashin Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, kuma ƙololuwarsa da ake kira Uhuru ta kai mita 5,895, abin da ya sa babu wani wuri a nahiyar Afirka da ya fi ta tsawo. Tun da Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai samansa a shekarar 1889, an buɗe hanyoyi da dama, kuma galibinsu ba sa buƙatar igiya ko ƙwarewar hawan duwatsu. Wannan sauƙin ne yake ruɗar mutane. Abin da ya fi mayar da matafiya gida ba tare da sun kai ba shi ne ƙarancin iska, domin a can sama oksijin ɗin da mutum yake samu a kowane numfashi bai wuce kusan rabin wanda yake samu a bakin teku ba. Saboda haka, kafin ka tambayi wace hanya ce ta fi kyau, fara tambayar kwana nawa za ta ba jikinka ya saba.

Domin a gane girman al'amarin, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Masaukin farko a hanyar Marangu, wato Mandara, yana wajen mita 2,700. Ke nan tun daren farko mutumin Kano ko na Zinder yake kwana a tsayin da babu irinsa a ƙasarsa.

Marangu ita ce hanyar da ake kwana a ɗakuna maimakon tanti, ana ratsa masaukan Mandara da Horombo da Kibo, kuma wanda ya hau ta nan, ta nan yake sauka. Ana yawan tallata ta a matsayin mai sauƙi, ana yin ta a kwana 5, amma a ganina wannan arha ce mai tsada. Idan har ita ka zaɓa, ka ƙara kwana ɗaya a Horombo. Rongai tana tasowa daga arewa, ɓangaren da ruwan sama ya fi ƙaranci, don haka ta dace da wanda ya zo dab da damina. Umbwe gajera ce mai miƙewa sama kai tsaye, kuma ba ta sabon shiga ba ce. Machame, mai kwana 6 ko 7, da Lemosho, wadda take farawa daga yamma ta ɗauki kwana 7 ko 8, su ne na fi ba da shawara, kuma dalilin yana cikin yadda aka shimfiɗa su.

Hanyoyin biyu suna haɗuwa bayan filin Shira, inda ake haurawa da rana har zuwa wani dogon curin dutse da ake kira Lava Tower, a wajen mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa kaɗan da mita 4,000. Mutane da yawa suna jin haushin wannan rana, suna ganin an ba su wahalar hawa don kawai a sake sauko da su. Alhali ita ce ranar da ta fi kowace amfani, domin jiki ya ɗanɗana tsayi da rana, ya kuma samu hutawa a ƙasa da dare. Kada ka yarda a yanke maka ita.

Washegari da safe kuma sai katangar Barranco, wadda tsayinta ya haura mita 250, kuma idan ka tsaya a bakin tanti ka ɗaga kai za ka rantse babu hanyar bi. Hanyar tana nan, tana karkacewa a jikin dutsen kamar matakala, sai dai a nan ne hannu yake shiga aiki. Ka naɗe sandunan tafiyarka ka ɗaure su a bayan jaka, ka ƙara ɗaure igiyar takalmi, ka cire safar hannu mai kauri domin yatsunka su ji dutsen. Ƙa'idar ita ce gaɓoɓi uku su kasance a kafe kafin ka motsa ta huɗu, kuma ƙafa ce take ɗaga jiki, hannu kuwa riƙo kawai yake yi. Ka girgiza kowane dutse kafin ka ɗora nauyinka a kansa. Akwai wani matsatsi inda hanyar ta ƙuntata har sai mutum ya rungumi dutsen, ƙirjinsa a manne, kuncinsa na gugar sanyinsa, ya ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya ya wuce. Taku kaɗan ne, kuma ja-gora yakan tsaya a ɗaya gefen ya miƙo hannu. A daidai lokacin za ka ga 'yan dako ɗauke da kaya a ka suna wucewa kamar a kan titi. Ka matsa ta ɓangaren bango ka ba su hanya, kada ka matsa ta ɓangaren rami, kuma kada ka yi ƙoƙarin bin saurinsu.

Akwai wata hanyar hawa da hannu da ta fi wannan tsanani, wadda take ratsa tsagin yammacin Kibo, wato babban curin aman wutar da ƙololuwar Uhuru take kansa. Duwatsu suna ɓallowa a wurin idan rana ta narkar da ƙanƙarar da ta riƙe su, kuma a watan Janairun 2006 sun kashe mutum uku. Wanda ya zo karo na farko ya bar ta.

Daga Barranco ana bi ta masaukin Karanga zuwa na Barafu, wajen mita 4,670, inda ake tashi da tsakar dare da tocila a goshi. Tafiyar sa'a 6 zuwa 7 ce a kan tsakuwa mai zamewa kafin a kai Stella a bakin ramin aman wutar, sannan kusan sa'a ɗaya zuwa Uhuru. Sanyi yana sauka ƙasa da sifili sosai, har ruwan sha ya daskare, don haka ka sa gorarka cikin riga. Ja-gorori suna ta maimaita "pole pole" da Swahili, wato sannu a hankali, kuma takun da ya dace shi ne wanda za ka iya magana a cikinsa ba tare da haki ba. Ciwon kai kaɗan da rashin son abinci ba baƙon abu ba ne, amma idan aka kai ga amai mai yawa, ko tangaɗi, ko ruɗewar magana, ko numfashi ya gagara ko da a zaune, maganin kawai shi ne sauka nan take. Batun ƙwayar Diamox, wadda ake sha domin jiki ya saba da tsayi, likita za ka tambaya tun kana gida.

Doka ba ta yarda kowa ya hau ba tare da ja-gora mai lasisi ba, kuma a Moshi ko Arusha ake shirya tafiyar. Ka guji daminar Maris zuwa Mayu da ta Nuwamba. Janairu da Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba, sun fi. Wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Ka saba da takalminka makonni kafin tafiya, kuma ka tanadi ƙarfin saukowa, domin a ranar da ka kai ƙololuwa za ka gangara sa'o'i da dama ta hanyar Mweka, kuma gwiwa a nan take kuka.