Sabon zuwa Landan: ka leƙa zauren kiɗan kilasik na zamani

Yawancinmu idan muka sauka Ingila, rayuwar takan tsaya a wuri uku: wajen aiki ko makaranta, ɗakin haya, sai taron 'yan gida ranar Lahadi. Taron 'yan gida abu ne mai kyau, kada ka yar da shi. Amma mutum zai iya shekara biyar a Landan bai taɓa zama ɗaki ɗaya da mutanen garin ba, in ba a jirgin ƙasa ba. Shi ya sa nake ba duk sabon zuwa shawarar da ba kasafai ake ba shi ba: ka sayi tikiti ka je ka saurari kiɗan kilasik, wato kiɗan Turawa da ake rubutawa a takarda makaɗa su buga a zaure, musamman sabon da masu tsara shi suna raye.

Kada tsada ta tsorata ka. Bikin BBC Proms, wanda aka fara tun 1895, ana yin sa kowace shekara daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba a zauren Royal Albert Hall. Akwai wuraren tsayuwa da ake sayar da tikitinsu a ranar wasan, a 2024 fam 8 ne kacal, kuma mai tsayuwa a tsakar zauren ya fi mai kujerar tsada kusa da makaɗa. Zauren kiɗa na Wigmore Hall na ba 'yan ƙasa da shekara 35 tikitin fam 5 a wasu wasannin. Makarantun kiɗa irin su Royal Academy of Music da Guildhall kuwa, ɗalibansu kan yi wasa kyauta, sau da yawa da rana.

Sabon kiɗan nan, gaskiya, ba ya shiga kunne farat ɗaya. Za ka ji goge yana kuka shi kaɗai, sai shiru mai tsawo, sai ganguna su ɓarke gaba ɗaya. Wani lokacin babu amon da za ka bi da kai. Ka yi haƙuri da shi. Ka karanta 'yar takardar bayanin da ake rabawa a ƙofa, ka zuba wa hannun makaɗan ido, ka lura da yadda suke kallon juna kafin su shiga. Mu da muka taso muna jin kalangu yana magana, kunnenmu ya riga ya saba neman ma'ana a cikin kiɗan da ba waƙa, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Abin da ya fi burge ni shi ne a ƙarshe a kira wanda ya tsara kiɗan, ya taso daga cikin jama'a ya hau dandamali, ga shi nan da ransa.

In kana neman inda za ka fara, ƙungiyar London Sinfonietta tun 1968 sabon kiɗa take bugawa, kuma tana yawan wasa a Southbank Centre, bakin kogin Thames. A can kuma za ka samu Chineke!, ƙungiyar da Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa a 2015 domin baƙaƙen fata da sauran tsirarun ƙabilu su samu gurbi a wannan fage. A 2024 ma an naɗa Errollyn Wallen, haifaffiyar Belize, shugabar kiɗan Sarki Charles, baƙar mace ta farko a muƙamin. Don haka kada wani ya ce maka wurin ba naka ba ne. Wanda ke arewacin Ingila, garin Huddersfield na da bikin sabon kiɗa duk Nuwamba.

Ladabin wurin ba wuya. Ka isa da wuri, domin wanda ya makara a ƙofa zai jira sai an tsagaita. Ka kashe waya. Kada ka tafa sai mai jagorantar makaɗa ya sauke hannu ya juyo; in kana shakka, jira sauran jama'a. Tufafi kuwa, kaftaninka da hula sun wadatar. Wasan dare yakan fara da ƙarfe 7:30, akwai hutun kusan minti 20 a tsakiya, sai ka duba lokacin Magariba tun daga gida ka tsara yadda za ka yi.

A gida, makaɗi da liƙi yake rayuwa. A nan ba a liƙi, tikitin da ka saya shi ne liƙinka, kuma ƙananan ƙungiyoyi na matuƙar bukatarsa. A Nuwamban 2022 hukumar Arts Council England, mai raba tallafin gwamnati ga harkokin fasaha, ta sake rabon tallafinta: aka zabge kason London Sinfonietta, aka cire ƙungiyar Psappha ta Manchester gaba ɗaya, kuma a 2023 ta rufe bayan sama da shekara talatin tana aiki. Wannan abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Kuɗin hukumar nan har da harajin da ake cira a albashinka, saboda haka kana da haƙƙi a waɗannan zauruka kamar kowa.

Idan ka je ka ji daɗi, karo na gaba ka ja abokin zamanka ko ka tafi da yaranka wasannin ƙarshen mako da ake shirya wa iyalai da rana. Jadawalin kowane zaure yana shafinsa na intanet, kuma tikitin mai araha shi ke fara ƙarewa.